Yadda Ake Tsara Tallar da Ke Kawo Ciniki a Katsina

Duk wanda ya tsaya minti goma a shataletalen Ƙofar Ƙaura da la'asar zai ga talla iri huɗu ko biyar bai ɗaga ƙafa ba. Ga motar mai magani da lasifika a kanta. Ga bana ɗaure a jikin katanga, rana ta fara cinye jan da ke jikinta. Ga yaro da tiren rake yana kiran hajarsa, ga kuma wayar da ke aljihunka, wadda in ka buɗe za ka tarar atamfa da turare da takalma sun yi layi a status. Kowanne an zuba masa kuɗi ko ƙarfi, amma kaɗan ne ke dawo da abin da aka zuba. Dalilin bai wuce ɗaya ba: yawancin masu talla da tambayar "a ina zan sa?" suke farawa, alhali ita ce ta uku. Ta farko, wa kake kira? Ta biyu, wane alkawari kake yi masa? Talla alkawari ce da ake yi a bainar jama'a, kuma a gari irin Katsina, inda wanda ka sayar wa yau ƙanin surukin maƙwabcinka ne, alkawarin da ba za ka iya cikawa ba gara kada ya fito daga bakinka.

Mutum ɗaya, alkawari ɗaya

Kafin ka rubuta ko kalma guda, zauna ka siffanta mai sayen nan kamar kana ganinsa. "Kowa da kowa" ba mai saye ba ne. Mai shagon atamfa a Babbar Kasuwa yana da aƙalla kwastomomi iri uku, kuma ba abu ɗaya ke damunsu ba. Uwar da ke haɗa kayan ɗiyarta tana tsoron kunya, kada a buɗe akwati a ga zane mai zuba. Budurwar da ke neman anko tana son a ce akwai turmi ashirin iri ɗaya kuma za su iso kafin ranar kamu. 'Yar sarin da ke kai kaya gida-gida a unguwa tana son ta ji nawa za a rage mata in ta ɗauki goma. Tallar da ta yi ƙoƙarin yi wa dukansu magana lokaci guda, babu wadda za ta ji da ita ake.

In ka zaɓi mutum, sai ka zaɓi alkawari guda, wanda za a iya gwadawa a gani. "Kaya masu inganci da rahusa" ba alkawari ba ne, domin babu shagon da ke cewa nasa marasa inganci ne masu tsada, kunne ya saba da shi har ba ya jinsa. Amma "in ya zuba a wankin farko, dawo da shi ki karɓi kuɗinki" alkawari ne. "Muna kai wa har gida a cikin gari kafin magariba" alkawari ne. Mai gyaran waya da ya ce "a gabanka za a buɗe, a gabanka za a rufe" ya taɓa ainihin abin da ke cikin zuciyar mai waya, wato tsoron a musanya masa kayan ciki ko a leƙa masa hotuna. Hanyar gano alkawarin da ya dace kuwa mai sauƙi ce: ka tuna ƙorafin da mutane suka fi yi a kan masu sana'a irin taka, ka duba wanne ne kai ka tsira daga gare shi. Nan tallarka take.

Lissafi kafin a fitar da ko kwabo

A ɗauki misali da adadi, kowa ya musanya da nasa. Ribarka a turmi ɗaya ₦2,500 ce, kana shirin kashe ₦30,000 a talla. Sai ka sayar da turmi 12 ƙari a kan abin da ka saba sayarwa kafin kuɗin tallar ya dawo, riba kuma daga na 13 take farawa. Kalmar "ƙari" ita ce wurin da ake tuntuɓe. Wanda ke sayar da turmi 40 a mako, ya yi talla ya sayar da 45, biyar kawai talla ta kawo, sauran da ma nasa ne. Saboda haka dole ka san cinikinka na mako huɗun da suka wuce kafin ka fara, in ba haka ba babu ma'aunin da za ka auna da shi.

Kada kuma ka zuba kuɗin duka a tashi ɗaya. Raba shi uku: kashi ɗaya na gwaji, biyu a ajiye don hanyar da ta nuna tana aiki. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Rediyo

Har yanzu babu abin da ke kai saƙo ƙauyukan Batagarawa, Rimi, Kaita da Mashi, ya shiga cikin gida wurin matan aure, ya bi direba a hanya, kamar rediyo. Akwai Gidan Rediyon Jihar Katsina, akwai Companion FM, akwai Vision FM da wasunsu, kuma kowace tasha da irin masu sauraronta. Kafin ka biya, ka saurari tashar kwana uku a lokacin da kake son saye, ka ji wa ke bugo waya, daga ina, me ake tallatawa kusa da wurin. Taki da maganin feshi wurinsu kusa da labarai da shirin noma. Kayan kicin da na yara wurinsu hantsi, lokacin da rediyo ke kunne a tsakar gida ana aiki.

Talla ta daƙiƙa 30 ba ta ɗaukar fiye da kalma 65 zuwa 75 in ana son a ji ta da kyau. Mai kaya yakan zo da takarda cike, mai karantawa ya yi ta gudu kamar ana korarsa, a ƙarshe mai sauraro bai riƙe komai ba. Tsarin da ke aiki shi ne: jimlar farko ta kira mutumin da matsalarsa, ta biyu ta faɗi alkawari, sunan shago ya fito sau uku, kwatance ya zo a ƙarshe kuma a maimaita shi. Ga samfuri:

"Hajiya, kin gaji da zanen da ke zuba tun wankin farko? Zo shagon Wane. Duk turmin da kika saya a shagon Wane, in ya zuba, dawo da shi ki karɓi kuɗinki, babu musu. Muna layin 'yan atamfa a Babbar Kasuwa, shago na uku in kin shigo ta ƙofar gabas, mai koren ƙyaure. Shagon Wane, layin 'yan atamfa, mai koren ƙyaure."

Lura da cewa babu lambar waya a ciki. Lamba 11 ba ta zama a kan wanda ke tuƙi ko wadda hannunta ke cikin ƙullu, amma koren ƙyaure yana zama. In dole sai an faɗi lamba, a karanta ta kashi-kashi, huɗu, uku, huɗu, sau biyu, a rage wasu kalmomin don a ba ta wuri. Kiɗa kuma kada ya danne murya. A saurari tallar a ƙaramar rediyo ko a lasifikar waya kafin a amince da ita, domin a nan jama'a za su ji ta, ba a manyan na'urorin ɗakin naɗa murya ba.

Kuskuren da ya fi cin kuɗi a rediyo shi ne warwatsawa. Sau ɗaya yau, sau ɗaya jibi, a tashoshi uku, wannan zuba ruwa ne a rairayi. Gara sau uku kullum a tasha ɗaya, a lokaci ɗaya, mako biyu a jere. Kunne ba ya riƙe suna sai ya ji shi ya sake ji, kuma abin da mutum ya saba ji yakan ɗauke shi a matsayin wanda ya sani, ko da bai taɓa taka shagon ba. Wannan sabo shi ne rabin ƙarfin talla. Ka nemi a rubuta maka lokutan da za a sa ta, ka kuma sa wani ya riƙa saurare yana yin alama.

Allo da bana

Mai wucewa a kan babur ko cikin Keke Napep daƙiƙa biyu ko uku yake da su. Kalma shida ko bakwai sun isa: me ake sayarwa, sunan wuri, kibiya ko lamba. Ƙa'idar masu rubuta allo ita ce inci ɗaya na tsayin harafi ga kowace ƙafa goma ta nisa. Allon da ake son a karanta daga tsallaken titi mai hannu biyu, kamar ƙafa sittin, harafinsa kada ya gaza inci shida. Baƙi a kan rawaya ko fari a kan shuɗi mai duhu sun fi fitowa. Ja shi ne launin da ranar Katsina ke fara kashewa, ƙurar hunturu kuma ta ƙarasa sauran, don haka bana mai jan rubutu ta wata 'yan watanni ce. A huda mata ƙananan ramuka ko a ɗaure ta a kan katako, in ba haka ba iskar farkon damina za ta yage ta. Kuma a tambayi ƙaramar hukuma ko hukumar tsara birane kafin a kafa allo a bakin titi, don kada a wayi gari an tumɓuke shi.

Abu ɗaya da ake yawan mantawa: a rubuta da Hausa, a kuma ba wanda ya iya rubutu ya duba. In masu sayenka dattawa ne da almajirai da mutanen karkara, layi ɗaya na ajami a ƙasa yana jawo wanda boko bai kira ba.

Waya

Status na WhatsApp awa 24 yake yi ya ɓace, kuma ba ya isa sai ga wanda ka ajiye lambarsa shi ma ya ajiye taka. Haka saƙon da ake aika wa mutane da yawa a tashi ɗaya: jerin ba ya wuce mutum 256, kuma wanda bai ajiye lambarka ba ba zai gan shi ba. Saboda haka aikin farko ba ɗora hoto ba ne, tara lamba ne. Duk wanda ya saya, a ce masa, "Alhaji, ajiye lambar nan, in sabon kaya ya sauka za ka fara gani." Mai sana'ar cikin gida kuma, ke da ke turaren wuta ko cincin ko ɗinki, ki manna lambarki a jikin kowace roba da kowace leda.

Hoto uku zuwa biyar a rana sun wadatar. Wadda ta jera hoto arba'in, mutane yatsa kawai suke dannawa su wuce, daga baya su rufe status ɗinta gaba ɗaya ba ta sani ba. A ɗauki hoto da safe a bakin ƙofa ko inuwar da haske ke shigowa, ban da fitilar waya, domin tana sauya launi. Shadda ruwan toka ta fito shuɗiya a hoto, an kai wa mai ita ta ce ba ita ta zaɓa ba, an yi asarar kuɗin ɗan aike da kwastoma gaba ɗaya. A sa hannu ko wani abin da aka sani a gefe don a gane girma. Hoton da aka kwaso daga intanet kuwa, ko ya fi kyau, shi ne mafarin rigimar "abin da na gani daban, abin da aka kawo daban".

A rubuta farashi. Masu cewa "a biyo ni ta ciki" suna ganin dabara ce, amma mutum mai kunya ba zai tambaya ba don tsoron kada kuɗin ya fi ƙarfinsa, mai kuɗi kuma ba shi da lokacin jira. Waɗanda ke biyowa galibi 'yan taya ne a tafi.

In za ka biya Facebook ko Instagram su yaɗa maka, wurin da ake asara shi ne zaɓen yanki. Wanda ya bar shi a kan Najeriya duka zai sha saƙonni daga Legas da Fatakwal, mutanen da ba za su taɓa zuwa Ƙofar Marusa sayen katifa ba. Zaɓi Katsina da kewayenta, kilomita 15 zuwa 20, ko Daura in can kake, ka ƙayyade shekaru da jinsi. Yi talla biyu da suka bambanta a abu ɗaya tak, ko hoto ko jimlar farko, ka ba kowace kuɗi daidai na kwana huɗu. Kada ka ƙirga masu danna alamar so. Ƙirga waɗanda suka yi magana, sannan waɗanda suka biya.

Abin da ke faruwa a zuciyar mai saye

Nan ne ya kamata a daɗe, domin dabarun da ke motsa mai saye kaɗan ne, kuma kowace tana da fuska biyu. Da wuƙa ɗaya ake yanka rago a kuma yi ta'asa.

Farashin da aka fara ji shi ke zama ma'auni. Kowane ɗan kasuwa ya san wannan tun kafin a rubuta shi a littafi: in aka ce "dubu ashirin", tayin mai saye zai zagaya kusa da ashirin, in aka sallama a sha shida sai ya tafi yana jin ya yi nasara. Hanyar halal ta amfani da wannan ita ce ka jera kaya hawa uku, na ₦9,000, na ₦14,000 da na ₦22,000, ka fara nuna babban. Da yawa za su tsaya a na tsakiya, domin kusa da na ashirin da biyu ya zama mai sauƙi, kusa da na tara kuma ya zama na mutunci, araha ba ta ado. Fuskar banza ita ce ka rubuta "da ₦20,000, yanzu ₦14,000" alhali bai taɓa kai ashirin ba. Mai saye ya zaga layi ɗaya zai gano, kuma daga ranar duk ragin da ka yi na gaskiya ma ba zai yarda ba.

Ragi da gyara ba ɗaya ba ne, ko da a ido sun yi kama. Ka sayo abu ₦8,000 kana sayarwa ₦10,000. In ka rage kashi goma cikin ɗari, ₦1,000 ke nan, rabin ribarka ta tafi, sai ka ninka ciniki kafin ka koma inda kake. Ga shi kuma ka koya wa mutane cewa kuɗinsa dubu tara ne, ranar da ka mayar da shi goma za a ce ka ƙara kuɗi. Amma in ka bar farashi ka ɗora gyara, ɗankwali ko ƙaramar kwalbar turare da mai saye ke gani a ₦1,000 kai kuwa ₦600 ka saro ta, ka kashe ƙasa da haka, farashinka bai motsa ba, kuma mutum ya tafi da abin nunawa a gida. Mai tiyar da ke ɗora ɗan hannu bayan ta cika awo ta san abin da take yi. Gyara tana sa mai saye jin an girmama shi, shi ya sa yake komawa.

Ƙarancin kaya yana sa gaggawa. "Saura uku" yana hana mutum cewa sai gobe, domin zafin rasa abu ya fi daɗin samunsa ƙarfi a zuciya. In da gaske saura uku, faɗi, taimako ne ka yi. Amma wadda kullum kayanta saura uku, wata biyu ana abu ɗaya, ta mayar da kanta abin zance a gidan biki. Haka "ragi zai ƙare ranar Juma'a": in Juma'a ta zo, ya ƙare ɗin.

Mutane suna bin mutane. Mai tsiren da aka yi wa cincirindo shi ake ƙara taruwa a kansa, na kusa da shi yana korar ƙuda. Shi ya sa shaidar kwastoma ta fi duk abin da mai kaya zai faɗa da bakinsa. Saƙon muryar wata da ta ce "Maman Wance, turaren nan har maigida ya tambaya" ya fi hoto goma, amma sai da izininta, a kuma goge suna da lamba, domin matar aure ba za ta so muryarta tana yawo a wayoyin maza ba. Ɓataccen wannan shi ne 'yan kore: a dasa mutum cikin taro ya ce ya sha maganin ya warke, ko ya riƙa ƙara tayi a kan dabba a kara ba don zai saya ba, sai don a ɗaga wa na gaske kuɗi. Wannan na biyun shi ne najashi, kuma Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya hana shi a hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito. Shaidar ƙarya da ake rubutawa da lambobin 'yan uwa a ƙarƙashin hoto ƙanwarsa ce.

Fitaccen mutum, ɗan fim ko mai mabiya a TikTok, aron yarda yake ba ka. Kafin ka biya shi, tambayi a ina mabiyansa suke. Mai mabiya dubu ɗari biyar da ke warwatse daga Kano zuwa Yamai ba zai cika maka shago a Sabuwar Unguwa ba, wata mai kwalliyar amare da mata dubu biyu na cikin gari ke kallo ta fi shi amfani. Kuma ka sani in ya yi abin kunya gobe, da sunan kayanka za a haɗa.

Sai tsoro da kunya, waɗanda su ne suka fi saurin aiki kuma suka fi ɓarna. Mai lasifikar da ke lissafa alamomin da kowane mai rai ke ji, kasala, ciwon baya, kumburin ciki, sannan ya ce duk sanyi ne ko basir kuma ga kwalba ɗaya da ke maganinsu, ba magani yake sayarwa ba, fargaba yake sayarwa. Illar ba a kuɗin kwalbar ta tsaya ba. Mai ciwon suga ko hawan jini yakan ajiye maganin asibiti ya kama wannan, sai jiki ya rikice a kwashe shi. Haka tallar man bilicin da ke nuna wa yarinya cewa fatarta ce ta hana ta miji. Haka batsar da ake saki a lasifika a bakin kasuwa, uba na tafe da 'yarsa ya rasa inda zai sa kansa. Irin wannan ciniki yana kawo kuɗi yau, ba a musu, amma wanda ke son ya gaji shago ga ɗansa ba ya bin wannan hanya. Rantsuwa ma haka: hadisi ya tabbata cewa tana sayar da haja amma tana shafe albarka.

Mai saye kuma yana da abin kare kansa. In talla ta sa ka jin dole sai yanzu, wannan jin shi ne alamar ka dakata, ka kwana a kai, ka tambayi farashi a wuri biyu. In an yi alkawarin riba mai yawa ba tare da an nuna sana'ar da ke haifar da ita ba, ka tuna MMM, harkar zuba kuɗi ta intanet wadda ta rufe da kuɗin jama'a a Disambar 2016, kuma ba da komai ta yaɗu ba sai da shaidar 'yan uwa da abokai da aka fara biya.

Doka

Hukumar da ke kula da talla a Najeriya ita ce ARCON, wadda ta maye gurbin APCON a 2022, kuma dokarta ta tanadi a tantance talla kafin a sake ta. Gidan rediyo ko talabijin zai gaya maka takardun da ake bukata. Abinci na cikin leda ko kwalba, ruwan leda, magani da kayan shafa suna bukatar rajistar hukumar kula da abinci da magunguna, wato NAFDAC, tallarsu ma tana bukatar amincewarta daban. A kula da wannan: lambar NAFDAC da ke jikin maganin gargajiya, mai harafin L a ƙarshe, tana nufin an duba ba ya cutarwa ne, ba shaida ba ce cewa yana warkar da abin da aka lissafa. Mai cewa "NAFDAC ta tabbatar yana warkarwa" ya faɗi abin da hukumar ba ta faɗa ba. Dokar kare masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ita ma ta haramta bayanin da ke yaudarar mai saye game da kaya ko farashi.

Lokaci

Talla mai kyau a lokacin da bai dace ba asara ce. Mai yadi da shadda da ya bari sai goman ƙarshe na azumi ya makara, domin teloli sun daina karɓar ɗinki tun tsakiyar wata. Tallarsa a Sha'aban take farawa, goman ƙarshe na masu takalma ne da hula da turare da kayan yara na kanti. Mai taki da iri ya fara kafin ruwan farko, lokacin da manomi ke lissafi, ba bayan an yi shuka ba. Fanka mai caji da kayan sola na bazara ne, man shafawa da rigunan sanyi na farkon hunturu. Katsina gari ne na ma'aikata, don haka kaya masu nauyi a tallata su daga ranar da albashi ya fara shiga zuwa mako guda, mutanen karkara kuwa kuɗinsu da kaka yake zuwa, lokacin aure da gini da sayen babur. Mai kai kaya kasuwar Mai'adua ko Charanchi ranar Lahadi, tallarsa ta rediyo ta fi amfani Juma'a da Asabar.

Kada kuma a kira mutane kafin a shirya. An ji talla an zo, kayan bai iso ba, ko yaron shago yana danna waya bai ɗaga kai ya amsa sallama ba, ko an yi magana a WhatsApp sai bayan kwana biyu aka amsa. Kuɗin tallar ya tafi, kuma ka biya ne don mutane da yawa su san ba ka da tsari. Yaron shago ya san alkawarin da aka yi a rediyo kalma da kalma, kuma a ba shi ikon cika shi ko maigida ba ya nan.

Littafin ƙidaya

Sayi ƙaramin littafi ka ja layi huɗu: rana, ta ina ya ji, ya saya ko bai saya ba, nawa. Duk baƙuwar fuska a tambaye ta cikin ladabi bayan an gama ciniki, "Baba, wa ya kwatanta maka nan?" ko "Hajiya, a ina kika ji labarinmu?" In shago ya cika har ba a samun sukunin tambaya, a sa alama a cikin tallar kanta: wanda ya ce daga rediyo yake a ba shi gyara, na Facebook kuma a ba su wata lambar waya daban da ta allo.

Bayan mako huɗu a zauna a raba kuɗin da kowace hanya ta ci da yawan waɗanda ta kawo suka saya. Rediyo ta ci ₦30,000 ta kawo mutum 20, kowane mutum ya tsaya a ₦1,500. Facebook ta ci ₦10,000 ta kawo huɗu, kowanne ₦2,500. In ribarka a kan mutum ɗaya ₦2,500 ce, rediyo ta biya kanta har da saura, Facebook kuwa ta tashi babu riba babu faɗuwa, sai dai in cikin huɗun nan akwai 'yar sarin da za ta riƙa dawowa duk wata. Saboda irin wannan ne ake ƙara layi na biyar a littafin bayan wata uku, a yi alama a gaban duk wanda ya sake dawowa. Kashi biyun nan da aka ajiye tun farko sai a zuba su a hanyar da layinta na biyar ya fi cika, ɗayar kuma a sauya mata abu guda, jimlar farko ko lokacin sakawa, a sake ba ta mako biyu.